Igiya Daga New York

St. George, Staten Island
9 ga Nuwamba

Yaya Zalika,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan ta same ku lafiya, ke da maigidanki Malam Isufu da yara. Yaya gwiwar Baba, da tarin nan da ya ƙi barinsa? Ni lafiyata ƙalau, sai sanyi da ya fara shigowa, kullum hancina a jiƙe.

Kin ce in bar aiko da murya ta waya, in zauna in rubuta in turo hoton takardar, tunda Baba yana so a karanta masa a maimaita. To ga ni na zauna. Kada ki yi wa rubutuna dariya, malamar lakwal mai koya wa 'yan makaranta rubutu, hannun ya saba da ƙarfe yanzu.

Albishirinki, na bar tebur! Shekara tara ina tsaye a titin 125 a Harlem ina sayar da tabarau da huluna, rana ta dake ni, ƙanƙara ta dake ni, yanzu na naɗe kayana. Wani abokina ɗan Gana, Mashud, wanda muke sallar Juma'a tare, shi ya kai ni wurin kyaftin ɗinsu. A kan ruwa nake aiki yanzu, har na taso na dawo St. George kusa da tashar feri, jirgin fiton jama'a, muna ɗaki ɗaya da shi.

Bari in gaya miki aikin, ki mayar wa Baba yadda zai gane. Tsakanin tsibirin da nake da wani gari Bayonne akwai siririn mashigin ruwa, ana ce masa Kill Van Kull. Jiragen da ke kawo kwantena ta nan suke bi su shiga tasha. To tun da aka faɗaɗa mashigin Panama, jiragen da ke zuwa suka zama wasu irin ƙatti, tsawon ɗaya ya kai daga lakwal ɗinki zuwa masallacin Juma'a. Gadar da ke bisa mashigin ma sai da aka ɗaga ta don su samu wucewa. Sama ta gyaru, saura ƙasa. Cikinsu yana neman taɓa dutse, ga kuma wata kwana da ta yi musu ƙunci. Mu aka ba aikin ƙara zurfi da buɗe kwanar.

Wani jirgi ne ke huda dutsen da ke ƙarƙashin ruwa, a zuba nakiya a fasa. In an tayar ba ki ganin komai, sai ruwa ya kumbura ya yi fari, ki ji ƙafafunki sun girgiza. Sa'an nan namu jirgin ya matso da gugansa. Yaya, gugan nan zai haɗiye zauren Baba da tabarmarsa da baƙinsa. Ya nutse ya ɗebo laka da farfasasshen dutse, ya juye a wani jirgin, a ja a kai can cikin teku. Ni nawa ɗaure igiyoyi ne, da wanke dandamali, da shafa wa ƙarafa mai.

Ki ce wa Baba, ɗansa da ya gudu daga yasar rijiya yana ɗan shekara goma sha bakwai, ga shi Allah ya kewayo da shi, yasa yake yi a New York.

Amma gwaji nake tukuna. Kyaftin ya ce in na kai ƙarshen Afrilu ban yi fashin ko rana ɗaya ba, za a ɗauke ni dindindin, in shiga yuniyon, wato ƙungiyar ma'aikata. Mutane da yawa suna jiran gurbin nan. Ku sa ni a addu'a.

Ƙaninki,
Sulaimanu

Tudun Baushe
28 ga Nuwamba

Auta,

Wa alaikas salamu. Barka da arziki, Allah ya sa albarka a sabon aikin. Mu muna lafiya, yara suna gaishe ka. Gwiwar Baba tana nan yadda ka sani, sallah a zaune yake yi. Tarin kuwa da safe ya fi tsananta. Ka yi haƙuri da jinkiri, ka san nan ba rezo, waya ba ta kamawa sai na shiga Matamaye ranar kasuwa.

Rubutunka dai sai addu'a, amma na karanta. Sau huɗu Baba ya sa na maimaita masa. Da na kai wurin fasa dutse ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce, "Wato ruwa yana nan cike, kuma su shiga haƙarsa? Mutanen nan ba su da aikin yi ne?" Bayan nan ya ce in tambaye ka zurfin gaba nawa ne. Da la'asar na ji shi a ƙofar gida yana gaya wa tsofaffi cewa teku ɗansa yake yashewa. Rabon da in ji ya kira sunanka a gaban mutane har na manta.

To, ga abin da ke gabanmu, kuma ka karanta da kyau. Rijiyar Kaka tana ƙafewa. Damina ba ta yi ba, famfon foraj, rijiyar burtsatsen nan, ya lalace tun watan jiya, an kai ƙara an gaji. Gari duka da dabbobi sun koma kan rijiya ɗaya. Yanzu ma guga rabi ruwa rabi laka yake fitowa, mata suna jira ya kwanta kafin su tace. Mai gari ya zo da kansa ya ce dole a yashe ta kafin zafi ya shigo, in ba haka ba watan Maris babu abin sha.

Ka san dokar rijiyar nan. Kakanmu ya haƙa ta, kuma ba mai shigarta sai ɗan gidanmu ya fara sauka, ya taka ƙasanta, ya aiko da gugan laka na farko. Bayan nan kowa ya shiga. An yi wa masu yasa na garin gaba magana, sun ce a shirye suke, amma ƙafarsu ba ta shiga sai an buɗe musu. Baffa ya rasu bai bar namiji ba. Saura kai da Baba.

Baba ya ce shi zai sauka. Mutum mai shekara saba'in da huɗu, wanda sai an kama shi yake tashi daga tabarma, zai shiga gaba goma sha takwas! Na yi faɗa, na yi kuka, na kira masa liman, ya ce mu duka ba mu san aikin ba. Bai ce in kira ka ba, ka san halinsa, ba zai taɓa cewa ba. Ni ce nake cewa. Ka zo ko na sati biyu ne, ka buɗe rijiyar nan ka koma wa tekunka.

Yayarka,
Zalika

St. George
30 ga Disamba

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Allah ya ƙara wa Baba sauƙi. Na yi wata guda ina ɗaukar biro ina ajiyewa, ki yafe mini. Mura ta kama ni amma ban kwanta ba, don a nan ba a kwanciya.

Amsar Baba tukuna: zurfin da muke nema bai wuce gaba tara ba. Ki gaya masa rijiyarsa ta ninka mashigin New York, ya je ya faɗa wa tsofaffi su sha mamaki.

Yaya, ba zan iya zuwa yanzu ba. Na yi wa kyaftin maganar, mutumin kirki ne, ya saurare ni. Ya nuna mini takardar aikin: dole kwanar nan ta buɗe kafin ƙarshen Afrilu, don an riga an tsara ranakun da manyan jiragen za su fara bi ta nan. Kowane jirgi da zai wuce sai mun janye mun ba shi hanya, mu dawo mu ci gaba, shi ya sa aikin yake cin lokaci. Ya ce wanda ya tafi sati biyu, washegari wani ke tsaye a wurinsa. Shekara tara na yi ina neman irin wannan ƙofa. In Allah ya kai mu Mayu, ni da kaina zan zo.

Amma ba zan naɗe hannu ba. Hajiya Rafia mai shagon atamfa a Morrisania gobe za ta tashi zuwa Damagaram, zan sa takardar nan cikin kayan da na ba ta, ba sai na turo hoto ba. Abu uku ne. Akwai sabuwar igiya irin tamu ta jirgi, tana ɗaukar mutum goma ba ta ce uffan ba. Akwai ɗamara da ake sa wa mai sauka, ta kama ƙirji da cinyoyi, ko ya suma ba ya zamewa. Sai wata 'yar na'ura ruwan ɗorawa, mita muke ce mata. An koya mana cewa wuri mai zurfi da aka daɗe ba a shiga ba, iskarsa tana lalacewa, mutum bai ji komai ba sai ya faɗi. In iska ta ɓaci, mitar tana ƙara tana jan haske.

Kayan nan na masu yasa na garin gaba ne, ba na Baba ba. Ki ja layi a ƙarƙashin wannan. Shi ya tsaya a bakin rijiya, ya zura gugan farko da hannunsa daga sama, ya yi addu'a, su kuma su sauka. Ai gugan farko dai ya fito ta hannun ɗan gida ke nan. Ki lallashi mai gari da liman su yarda da haka, ke kin iya baki.

Na sa masa man zafi na gwiwa da safa mai kauri.

Naki,
Sulaimanu

Tudun Baushe
10 ga Fabrairu

Sulaimanu,

Lafiya lau muke, in ana kiran wannan lafiya. Ina fatan murarka ta sake ka.

Kai! Me ya hau kanka ka aiko da igiya? Cikin duk kayan da ke Amurka ba ka ga abin aikowa ba sai igiya?

Kayanka sun iso ba na nan. An tura mu Damagaram kwas na malamai, sati uku. Direban da Hajiya ta ba saƙon ya sauke shi a zauren Baba. Baba ya kwance, ya ga takardar boko, ya tura ta ƙarƙashin matashi sai na dawo. Sa'an nan ya ga igiya.

Kai ka gudu tun kafin a kai ka matakin nan, don haka ba ka sani ba. Ni ma sai yanzu na san nauyin abin. A gidanmu, in mai rijiya ya ba ɗan'uwansa sabuwar igiya, magana ɗaya ce ya faɗa: na yarda da ƙarfinka, shiga. Haka Kaka ya ba Baba ranar da ya fara sauka shi kaɗai. Kuma wanda aka ba ba ya mayarwa, ba ya miƙa wa wani.

Isufu ya ce Baba ya rungume igiyar nan ya yi hawaye. Ya ce kowa a garin nan ya mayar da shi gawa, ɗansa kaɗai ya san har yanzu shi namiji ne. Ya sa aka rataya masa ita a kafaɗa, ya dogara sanda har ƙofar mai gari, ya sa rana a gaban jama'a: Alhamis, 27 ga watan nan.

Da na dawo na karanta masa takardarka, har inda ka ce in ja layi. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Wannan kunya ce irin ta yaro, yana tsoron ki ce ya tura ubansa rami. Igiyar ta riga takardar zuwa." Maganar zura guga daga sama kuwa, ya ce rijiya ba ta san wannan wayo ba. Masu yasa ma sun ƙi.

Ban san abin da zan yi ba, Auta. Haushinka nake ji, kuma na san alheri ka yi nufi, wannan ya fi ƙona mini rai. Yana ta shafa man gwiwar nan safe da yamma, wai yana shiri.

Zalika

St. George
14 ga Fabrairu

Yaya,

Inna lillahi. Wallahi ban sani ba. Ban taɓa jin wannan ba, ko na ji ban riƙe ba.

Ki ɓoye igiyar. Ki ƙone ta in ta kama. Ki kawo shi Matamaye in yi masa magana da bakina, in ce masa kuskure na yi.

In duk wannan ya gagara, ki saurare ni. Ki sa masa ɗamarar da hannunki, ki ja kowane maɗauri har ya kama. Mitar tana da maɓalli ɗaya a gaba, ki danna ki riƙe sai ta yi ƙara sau ɗaya. Ki maƙala masa a ƙirji. In kuka ji ta fara kuka ba tsayawa, ku jawo shi, ko me ya ce, ko me kowa ya ce.

Sulaimanu

St. George
1 ga Maris

Yaya Zalika,

Alhamis ta wuce, Juma'a ta wuce. Na ga takardata ta shiga wayarki tun sati biyu, amma ba ki ce komai ba. Na kira Isufu, na kira direban Hajiya, waya ba ta shiga. Jiya igiya ta kusa tafiya da yatsuna, Mashud ne ya fizge ni yana ihu, "Sule, hankalinka na ina?" Don girman Allah ki rubuto ko kalma ɗaya.

Sulaimanu

Likitan Matamaye
3 ga Maris

Auta,

Yana da rai. Na sa wannan a farko don ka samu ka zauna. Muna likita, wato asibiti, tun ranar, wayata kuma a gida na baro ta, sai yau Isufu ya kawo.

Ban ɓoye igiyar ba, da ita yake kwana. Matamaye kuwa ya ce ba ya zuwa a yi masa magana ta cikin ƙarfe. Ɗamarar ya yarda na sa masa. Mitar ya ƙi, sai da na ce kai ka ce, sa'an nan ya bari.

Gari duka ya fito da hantsi. Baba ya yi yadda ya saba, ya zura fitila a guga har ƙasa, ta dawo tana ci. Ya dube ni ya ce, "Kin gani? Iska lafiya lau." Maza shida suka kama igiya suka sauke shi sannu a hankali. Wallahi da ka gan shi a lokacin, fuskarsa ta koma ta saurayi. Muka ji muryarsa daga ƙasa yana cewa ya taka.

Da ya fara motsa lakar don cika guga, sai abin nan naka ya fashe da kuka. Na leƙa na ga jan haske yana walƙiya can ƙasa. Na ce su ja. Ba wanda ya motsa. Ka san ƙa'idar: ba a jan mai rijiya sai ya girgiza igiya sau uku, don kada a fizge shi yana ƙarƙashin dutse ko da ƙarfe a hannu. Babban masu yasa ya ce mini, "Malama, bai kira ba." Na ƙwala wa Baba kira, ya amsa da wata murya a shaƙe, wai saura kaɗan guga ya cika. Na sake kira, shiru.

Ban san lokacin da na ture mutumin nan na kama igiya ba. Na juya ga matan da suka zo da jarkoki na ce, "Za ku tsaya kuna kallo ne?" Inna Hawawu mai ƙosai ce ta fara jefar da jarkarta. Mu wajen ashirin muka ja, zannuwa na kwancewa, har tsofaffi. Sai a ƙarshe mazan suka sa hannu. Ya fito kansa a langaɓe, leɓɓansa sun yi baƙi, ɗamarar ce kawai ta riƙe shi. Gugan yana ƙasa, bai fito ba.

Ya farfaɗo a bayan amalanke, kafin mu kai bakin hanya. Likita ya ce ruɓaɓɓiyar laka ce ta saki iskar da ya shaƙa, da ya ƙara minti biyu da sai dai wani labarin.

Yanzu ga inda muke. Kwana huɗu bai yi mini magana ba. In na kawo kunu ya juya fuska, in Isufu ya kawo ya sha. Jiya na ji yana gaya wa Isufu cewa tun daga Kaka ba a taɓa fito da ɗan gidanmu daga rijiya bai kira ba, sai shi, kuma mata. Ya ce gugan farko bai fito ba, don haka rijiya ba ta buɗe ba. Da an sallame shi zai koma, ba da abin nan mai ihu ba, kuma a kore mata daga wurin.

Gaskiyarsa ɗaya: rijiya ba ta buɗe ba, masu yasa sun koma garinsu, mata suna tafiyar awa biyu neman ruwa. Ba zan sake ce maka ka zo ba. Na san abin da shekara tara take nufi, na kuma ga yadda ka yi murna da aikin nan. Ina dai gaya maka abin da ke akwai ne. Tafin hannuna duka ya saɓule, shi ya sa yau rubutuna ya koma irin naka.

Yayarka,
Zalika

St. George
8 ga Maris

Yaya,

Alhamdu lillahi. Allah ya saka miki, ya saka wa Inna Hawawu da duk macen da ta kama igiyar nan. Yaya hannun? Ki riƙa shafa man kaɗanya, kada ki sa shi a ruwan omo. Yaya numfashin Baba?

A cikin feri na karanta takardarki. Na yi kuka a gaban mutane, wata tsohuwa ta miƙo mini hankici ba ta tambaye ni komai ba.

Jiya na je wurin kyaftin na gaya masa komai. Ya ce saura sati bakwai fa. Na ce na sani. Ya ce ba shi da ikon riƙe mini gurbi, in na dawo sai in koma ƙarshen layi, kuma ta yiwu aikin nan ya ƙare kafin layin ya iso kaina. Na ce na sani. Sai ya tambaye ni faɗin rijiyar da zurfinta, ya zana mini yadda ake tura iska mai kyau zuwa ƙasan rami da fanka da dogon bututu. Ni da Mashud mun samo irinta, tana aiki da batirin mota. Da ita zan zo.

Muna cikin maganar aka yi mana rediyo mu janye. Wani jirgi ne ya shigo, cikin manyan nan, ƙananan jirage huɗu suna tura shi suna ja. Ya rufe mana Bayonne gaba ɗaya. Ya bi ta gefen da muka gama buɗewa a watan jiya, ya juya a hankali, ko ƙugi bai yi ba. Ba wanda ke cikinsa da ya san da mu. Amma ni na san duwatsun da aka ɗebe a wurin, don ni na wanke lakarsu daga dandamali. Na so in ga ƙarshen kwanar nan, Yaya, ba zan yi miki ƙarya ba. Na cire rigar ruwa na miƙa, na gaisa da kowa, na sauko.

Saura magana ɗaya da ban taɓa gaya wa kowa ba, ke ma. Kullum ina cewa aikin ne ya hana ni zuwa, kuma gaskiya ne, amma ba shi kaɗai ba. Ina ɗan shekara goma sha bakwai Baba ya saukar da ni wata rijiya a ƙauyen su Inna mahaifiyarmu. Na kai wajen gaba goma na ɗaga kai, na ga bakin rijiyar ya koma kamar murfin kwano. Ƙirjina ya rufe. Na girgiza igiya sau uku, da na fito na ce cikina ne ke murɗa. Baba ya dube ni, ya ɗaura igiyar a ƙugunsa ya sauka. Ba a yi sati ba na bar gari. Har a jirgin nan, in an ce a shiga tankin da ke ƙarƙashin dandamali, Mashud ne ke shiga a madadina, bai taɓa tona ni ba.

Jirgina zai sauka Yamai ranar Alhamis, in Allah ya yarda Asabar ina Matamaye. Ki aika wa masu yasa su dawo. Ki karanta wa Baba takardar nan duka, kada ki tsallake ko layi ɗaya, ko da fuskarsa tana bango.

Ki ce masa kada ya taɓa igiyar nan sai na iso. Har yanzu tsoro nake ji, kada ki ɓoye masa wannan. Ni zan shiga. Shi ya zauna a bakin rijiya, ya riƙa yi mini magana har in kai ƙasa.

Ƙaninki,
Sulaimanu